Gaba Ashirin da Ɗaya

Nomau nake, ɗan Arzika mai rijiya,
a Gummi anka yanke mini cibiya.
Gadona dagi ne da tsohuwar igiya,
da kunnen da ke jin motsin ruwa.

A zamanin Baba gaba bakwai ta isa:
laka ta kama ƙafa, sanyi ya taso daga ƙasa,
ya ɗaga kai ya kwaɗa kira,
"Ku ja ni, ga shi nan yana tsattsafowa!"

Jiya a ramin gidan Tunau na wuni.
Gaba ashirin da ɗaya, igiya ce ta gaya mini.
Bakin rijiyar ya koma kamar kwabo a bisa,
ƙasar da nake turawa garau, kamar tsaki.
Na kasa kunne. Numfashina kaɗai,
sai muryar Tunau can nesa: "Akwai alamar dacewa?"

A can ƙasa mutum ba ya yi wa kansa ƙarya.
Na jingina da bango na hau lissafi.
Ƙiryar nan ta bakin gonar Inna Tumba,
wadda shanu ke tuƙa a gindinta da azahar,
ni na kayar da ita, shekarar da fara ta cinye gero.
Buhu tara na gawayi ta ba ni,
motar kudu ta kwashe tun ba su gama hucewa.

Kuɗin, an yi wa Kubura ƙarin jini da su.
Ban ce na yi nadamar wannan ba.
Amma marken da ya biyo baya fa?
Da ɗorawa biyu na hanyar kasuwa?

"Kowa na sara, nawa ɗaya me zai rage?"
Haka na ce. Haka Barmo ya ce, haka Ɗangwaggo,
har daji ya zam tafin hannu,
zomo ya rasa wurin ɓuya, kurciya wurin sauka,
iska ta samu filin sukuwa.

A fadama mun wanke tankin feshi a bakin gulbi,
da safe tarwaɗa ta juyo da farin ciki sama.
Akuyar Hakama ta kumbura ta mutu a tsaye,
da anka farka ta, leda ce dam, baƙa da fara,
irin wadda nake sayo ƙosai ina yarwa.

Damina kuma ta koyi halin mai bin bashi:
ta yi shiru har shuka ta ƙone sau biyu,
sannan ta zo a dare guda da dukan fushinta,
ta ci katanga, ta ci rumbu, ta bar mu muna kallon kowa.

Malam Sodangi na firamare ya ce da ni
hayaƙin manyan ƙasashe ne ya dafa sararin sama,
injinansu ba sa barci, mu ke shan zafin.
Na yarda, nasu ya fi namu nesa ba kusa ba.
Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari:
hayaƙin ramin gawayina, kwana huɗu yana tashi,
wace sama ce daban yake tafiya yana shigewa?

A majalisa mukan ce ikon Allah ne.
Ikon Allah ne, ba ni da ja.
Amma kantar da ke tafin hannun nan
ƙotar gatari ce ta yi ta, na san ranar farawa.

Jikata Shatu ta tsiri kalwa uku a gwangwanin madara,
ɗaya ta fito, ganye huɗu, ba ta kai yatsa ba.
Tana rage mata ruwan wanke fuska.
Na ce, "Ba zan sha inuwarta ba, 'yar nan."
Ta ce, "To ai ba kai na shuka wa ba."

Yau da asuba na koma ramin.
Na ce wa Tunau, in Allah ya sa mun dace,
a rage kuɗina, amma gugan farko nawa ne,
akwai mai bin mu bashi a gwangwani tana jira.

Ya yi dariya, ya saki igiya.
Gaba ashirin da biyu.
Na damƙi ƙasar na kai hanci.
Ban ce komai ba tukuna. Ina dai haƙawa.