Tafinta

Asabar ce, ranar da nake ɗaukar Raliya.
Yayyafin Sheffield na sauka kamar mai jin nauyin ƙasa.
Na tsaya a ƙofar gidan da na yi shekara tara ina biya,
na danna hon sau ɗaya. Ba na shiga.

Ta ja bel, ta haɗa wayarta da rediyon mota.
Wata mata ta fara rerawa da Turanci,
muryarta kamar an jiƙa an matse,
ganga can ƙasa tana tafiyar mai ciwon ƙafa.

Shekara ashirin ina jan tasi a garin nan.
Na iya Turancin kwatance, na canji, da na 'yan maye,
amma Turancin waƙa wuce ni yake a guje.
Tsautsayi ya sa na ce, "Me take faɗa ne haka?"

Ta juya wajen gilashi.
Hausarta haihuwar nan ce, tana taka kalma
kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.
"Ta ce ta zo wanke rigarsa, ta ji turaren da ba nata ba.
Ta ce yana shigowa da asuba, wai aiki.
Ta ce waya biyu gare shi, ɗaya a mota take kwana."

Danja ta ba mu ja a Spital Hill.
Na riƙe sitiyari kamar zai tsere.
Aljihun motar nan da gwiwarta ke taɓawa,
nan Hansatu ta tsinci tawa, tana neman tishu.

"Baba, mene ne Hausar a ba ka ajiya ka cinye?"
Na ce, "Cin amana."
Ta faɗa, ta gyara, ta sake, har ya zauna a bakinta.
"Idan kuma mutum ya ce ya yafe,
amma abin na nan, kamar ƙayar kifi a wuya?"
Na ce, "Riƙo ke nan."
"To shi ne amshin. Sau shida take faɗa."

Na so in ce waƙa shari'a ce mai kunne ɗaya,
shi mutumin ko baiti ba a ba shi ba.
Na laluba abin da zan rera in an miƙo mini,
na tarar da ƙarar goge-gilashi kawai,
dama, hagu, dama.

"Mama na sa ta in tana guga.
Ita ma ni na fassara mata."
"Me ta ce?"
"Ta ce in ƙara murya."

Kore ya kama tuni. Na baya na ta hon.

Da dare na nemo waƙar, na saurara sau huɗu
a bakin tashar jirgin ƙasa, ina jiran fasinja.
Na ji riga. Na ji asuba.
Har yau ban ji inda aka ce waya biyu ba.