Jar Mota ta Bilbis

Shekara tara tana durƙushe bayan gidan Malam Nomau,
kan tubali huɗu, ba ƙafa ko ɗaya,
kaji sun mai da kujerarta ɗakin haihuwa.
Ran da na je ciniki, ƙwai uku na iske wurin direba.
Ya ce jika ɗari da hamsin. Na ce ɗari.
Ya ce ɗauka, amma ƙwan nawa ne.

Jakai biyu suka jawo ta har Bilbis,
yaran Tawa na biye suna tafi:
ga mai tsere, ga mai tsere!
Ban tanka ba. Wanda ya sayi tsatsa
ba ya faɗa da masu dariya.

Tsahara ta buɗe littafi, ta ja layi da jan biro.
Ta ce duk dalar da ta shiga cikin wannan gawa
sai na gan ta da idona.
Na bar shayin la'asar.
Na bar tsiren Laraba.
Takalmina ya buɗe baki, na ce masa yi haƙuri,
akwai wadda ta fi ka yunwa.

Buji huɗu daga Ƙonni, biyu na ƙarya.
Radiyato daga wata mota da ta mutu hanyar Tabalak,
na wanke cikinsa da ruwan tsamiya kwana uku
har ya amayar da lakar shekaru.
Taya kuwa kowace da ƙasarta,
ba su taɓa gaisawa ba sai a ƙarƙashin motata.

Allurar karbirato ta gagara.
Na aika Yamai, aka ce sai Kwatano,
Kwatano ta ce kawo kuɗin rago.
Sai Agali maƙerin azurfa ya karɓi tsohuwar,
ya juya ta a tafin hannu kamar ɗan kunnen amarya,
ya ce dawo jibi.
Jibi na dawo. Bai karɓi ko dala ba.
Ya ce in ta tashi, a fara zagawa da shi.

Bututun famfon da aka yar bayan asibiti
na lanƙwasa, na yi mata haƙarƙari,
don in mun kife, ƙasa ta sami ƙarfe kafin ta same ni.
Walda ta cinye mini gira ɗaya.
Hular kwano aro ce wurin Bizo ɗan kabu-kabu,
tana warin gumin mutum ɗari.

Wata goma sha ɗaya.
Daren wata Alhamis na murɗa makulli.
Ta yi tari irin na tsohon da ya sha taba tun samartaka,
ta yi shiru,
ta sake,
sannan ta buɗe maƙogwaro.
Awakin maƙwabta suka tsinke igiya.
Tsahara ta fito da zane a hannu, za ta yi faɗa,
sai na ga tana dariya, ta rufe baki.

Ran Lahadi, a faƙon bayan gari, mu bakwai ne.
Motocin 'ya'yan masu kuɗi na sheƙi kamar an lashe su.
Tawa ƙofar hagu shuɗiya, sauran jiki ja,
lamba tara kuma ɗiyata Hasiya ta rubuta,
ta karkace kamar ludayi.

Ba zan yi ƙarya ba, na biyar na zo.
Ɗaya ya fasa taya, ɗaya ya ɓace hanya.
Zagaye na ƙarshe ruwa ya tafasa,
na shigo cikin tururi kamar tukunyar dambu.

Amma akwai wani wuri, bayan kwanar ƙaya,
inda ƙasa ta miƙe, na sa ta giya ta huɗu,
sitiyari ya daina rawa,
ƙarar ta koma murya ɗaya, siririya,
azurfar Agali na numfashi a ciki,
na manta bashin Bizo, na manta girata.

Da dare Tsahara ta buɗe littafi.
Isansi jika shida. Ruwa jarka biyu.
Ta ce riba fa, me zan sa?
Na daɗe ina kallon hannuna, baƙin mai har ƙarƙashin farce.
Na ce bar wurin fili tukuna,
ki rubuta buji biyu, na gaske, wata mai zuwa.