Karen Wijedasa

Ranar cikar wata, a Matale,
na lulluɓe keken ɗinkina da zane,
na sa fararen kaya, na hau tudun haikali ba takalmi,
furanni a faifai, man kwakwa a kwalba.

Uwa Sudamma, kai a aske kamar ƙwai,
mayafi ruwan goro,
ta ce mu zauna, mu sauke kafaɗu.
"Ku tsaya a ƙofar hanci kamar masu gadi.
Iska ta shiga, ku sani. Ta fita, ku sani.
Ba a tambayarta daga ina take."

Numfashi ɗaya, na biyu,
na uku ban same shi ba.
Ina can ina lissafin kuɗin zare,
ina auna wuyan rigar wata malamar makaranta,
ina faɗa da mutumin da ba ya wurin.
Zuciya biri ce, in ji Uwa.
Tawa birin da ya ga gonar ayaba.

Sai ta ce, "Yanzu fatan alheri.
Ku fara da kanku.
Sai wanda kuke ƙauna, sai wanda ba ruwanku da shi,
sai wanda ya ɓata muku."

Kaina, da sauƙi.
Jikata Nilmini, kamar shan ruwa.
Kwandastan bas mai giɓi,
shi ma na ba shi, bai rage ni da komai ba.
Sai Wijedasa.
Harshe ya zama dutse a bakina.

Shekara shida ke nan da ya sare mangwaron
da mijina ya dasa ranar haihuwar ɗanmu,
wai inuwa tana kashe masa barkono.
Ina asibitin Kandy ina jinya aka yi saran.
Na dawo da gawa, na tarar da kututture.

Na ce wa Uwa, "Wannan kam ba zan iya ba."
Na zaci wa'azi zai biyo baya.
Ta ci gaba da share ganyen bishiyar bodi,
can ta ce, "Yana da kare?"
Na ce, "Wani ƙazami mai kunne ɗaya."
"To, fara da karen."

Haka na yi wata uku.
Ƙafa a kan feda, allura na sama da ƙasa:
kare ya ƙoshi, ƙuma ta rabu da shi,
kare ya ƙoshi, mota ta kauce masa.
Daga kare na kai ga kajin gidan,
daga kaji zuwa barkonon,
wanda ba shi da laifi sai son rana, kamar kowa.
Matarsa Sriyani, mai tarin asuba,
ta shigo ban gayyace ta ba.

Shi kuwa yana waje, kamar mai bin bashi.

Ran nan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya,
na hango shi ta taga yana hawan tudu
da buhun shinkafa, yana dafa gwiwa,
taku uku, hutu ɗaya.
Ashe ya tsufa.
Ni ban ba shi izini ba:
a raina yana nan da gatari da baƙin gashi.
Kafin in ankara, bakina ya ce,
gwiwar nan ta yi sauƙi.
Gwiwar kaɗai.
Ban kai ga sauran mutumin ba.

Na gaya wa Uwa Sudamma. Ba ta yaba ba,
tsintsiya ta miƙo mini.
"Ganye bai san an yi shara jiya ba."

Har yau ba ma gaisawa.
Kututturen ya yi toho ta gefe,
ban ce alama ce ba,
mangwaro ne, aikinsa ke nan.
Karen dai ya koyi kwanciya a ƙarƙashin kekena.
In na tsaya zura zare a allura
nakan ji numfashinsa, in ji nawa,
shiga, fita,
shiga.

Gobe, wataƙila, ɗaya gwiwar.