Daƙiƙa Biyun Ülo

Ƙarfe huɗu da rabi, Tallinn ta riga ta yi duhu.
Taragon lantarki na nishi a ƙasan tagarmu,
ni kuwa na zuba wa ɗigo ɗaya ido a allo
kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ja.

Na sake dannawa, ko waƙafi ban taɓa ba.
Kore.
Na ƙara, don zuciya ta kwanta.
Ja.

Layi tamanin da uku na rubuta,
kwana tara ina sassaƙarsu,
don kuɗin jirgin ruwan Helsinki ya daina ninkuwa
a kan wanda yatsansa ya danna sau biyu.
Aikin na tafiya. Da idona na gani.
Amma mai shaida ya ce a'a da safe, ya ce i da rana,
da yamma ya rantse bai taɓa ganina ba.

Piret ta tsaya a bayana da kofinta.
"Kaarel, mutum goma sha ɗaya ka tare wa hanya.
Janye shi."
Na ce, "Ba laifinsa ba ne."
Ta ce, "Na sani."
Ba ta ƙara ba. Ba ta saba ƙarawa ba.

Wa ya rubuta gwajin nan?
Wani Ülo, shekara huɗu da suka wuce,
an ce yanzu yana kiwon zuma a Saaremaa.
Gadon da ya bar mana layi guda ne:
a jira daƙiƙa biyu.
Ran da na'ura ta tashi da ƙarfinta, biyun sun isa.
Ran da ta gaji, sai a kama na kusa.
Yau ni ne na kusa.

Na janye.
Kwana tara suka shafe cikin ƙiftawar ido,
kamar sawun da ƙanƙara ta sake rufewa.
A gurbin dalili na rubuta: gwaji ba shi da tabbas.
Na goge "a yi haƙuri",
don ban san wanda zan ba haƙurin ba.

Kore, in ji allo.
Kowa ya koma kujerarsa.

Na sa rigar sanyi, har na kama ƙofa,
sai wayar Piret ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗago kai.
Tsohon aikin, wanda babu hannuna a ciki,
shi ma ya koma ja.
Ashe ɓera bai yi sata ba,
daddawa ce ke warinta ita kaɗai.

Ta ce, "Gobe mu tone daƙiƙa biyun nan."
Na ce to, na cire safar hannu, na zauna.
Taragon ƙarfe shida ya wuce babu ni.