Makullin Ƙofar da Aka Cire

Shekara arba'in allon nan na tsaye
a bakin gonar Orrin Thibodeau,
kalma biyu da jan fenti: BA SHIGA.
Bayansa itatuwan tuffa, bayansu gangare,
ƙarƙashin gangaren kuma teku,
wadda duk garinmu ke shaƙar gishirinta
amma ba mu da ta inda za mu taɓa ta.

Ina 'yar shekara tara karensa ya fafare ni.
Na bar takalmi ɗaya a ƙayar shinge,
na isa gida da tuffa uku a riga
da tsoron da ya girme ni.

Yau ni ce magatakardar gari.
Ni aka ba takardun in kai masa.

Kafin nan an yi taro a zauren makaranta,
ƙanƙarar Maine tana narkewa a takalmanmu.
Hollis Beal ya miƙe, hula a hannu, ya ce:
wanda bai gama biyan rufin makaranta ba,
me ya kai shi cinikin iska?
Aka yi dariya, har da ni.
Sai Marguerite Alley, mai tonon ƙumba a laka,
ta ɗaga hannuwan da sanyi ya tsattsage,
ta ce mil shida take zagayawa kullum
ta kai ga ruwan da take hange ta tagarta.
Ba ta ƙara ba, ta zauna.

Aka ƙirga hannuwa sau biyu.
Ɗari biyu da sha ɗaya na so,
ɗari da casa'in da takwas ba sa so.
Mutum sha uku suka saya mana bakin teku,
sauranmu muka raba bashin.

Wani kamfani daga Boston ya taya ninki biyu,
zai jera gidaje sha biyu masu fuskar gilashi.
Orrin ya san da haka.
Mu ma mun san ya sani.

A kicin ɗinsa buta na kuka a kan wuta.
Ya bi kowane layi da yatsa,
kamar mai neman tsakuwa a shinkafa.
Ya ce: duwatsun da Odile ta jera kafin ta rasu,
kada wanda ya gyara musu zama.
Na rubuta.
Ya ce: makullin ƙofa yana wurina.
Na ce ai ƙofar cire ta za a yi.
Ya ce: ban tambaye ki ƙofa ba.

Ya sa hannu, alƙalamin na rawa.
Sannan ya shige ɗaki, ya jima,
ya fito da takalmin yarinya, na ƙafar hagu,
jan da ya koɗe ya koma kalar ƙasa.
Ya ajiye shi bisa takardun.
Ya ce: tuffar ba ta ma nuna ba a lokacin.

Ban sami abin cewa ba.
Butar ce ta yi ta magana.

Yanzu an share hanya har ruwa.
An kafa benci, an yi mazauninsa da tsohon allon,
rubutun na kallon ƙasa.
Hollis, da ya ce a'a, shi ke fara zuwa da jikoki.
Orrin na zaune, makulli a wuya da igiya,
yana daka wa yara tsawa su bar karya reshe,
su fara cinye na ƙasa tukuna.

Idan teku ta janye da asuba
Marguerite kan biyo da bokiti da cebur.
Ba ta gaishe shi, ba ya gaishe ta.
Ƙafafunsa kawai yake janyewa daga hanya,
ta wuce.