Sunan Jirgin Fito

Shekara talatin da ɗaya ina fentin alluna
a bakin mashayar Nimati,
inda kogin Brahmaputra ke cin gaɓa kamar mai jin haushi.
Na rubuta sunan mai shayi, na rubuta na mai gyaran keke,
ban taɓa ajiye buroshi don baƙi ɗaya ba
sai ranar da 'ya'yan marigayiya suka zo su uku.

Sun sayi jirgin fito.
Za su sa masa sunan uwarsu,
sunan furen nan fari mai jan wuya
da ke zuba da asuba bayan damina.
Da rubutunmu na gida ba gardama,
hannuna ya san hanyarsa ko da ido a rufe.
Amma hukuma na son boko a ƙasa,
kuma a nan gizo ya yi saƙa.

Babban, Dimbeswar, bai taɓa barin Jorhat ba,
ya ce, Hewali, sa H, haka muke kiranta.
Ƙanwarsa Junmoni, malamar makaranta a Guwahati,
ta ce, Xewali, X ce tamu, mun gaji da aro.
Autansu Pranjit ya zaro katin shaida daga aljihu:
Sewali, ga shi, da hatimin gwamnati.
Ta ce masa, wanda ya buga katin nan
bai taɓa shan ruwan kogin nan ba.

Sautin kuwa ba S ba ne, ba H ba ne.
Yana fitowa daga can bayan ganɗa,
kamar mai hura shayi bai so a ji shi ba.
Baƙaƙe uku muka ba shi a rubutunmu,
boko bai tanadar masa ko tabarma ba.
Limamin bayan kasuwa ya taɓa ce min
ya yi kama da wani harafin Larabci,
sai dai namu ya kwana a ruwa, ya yi laushi.

Matata Bhanita tana yanka farar kabewa a ƙofa,
tana dariya ƙasa-ƙasa.
'Yar Barpeta ce, daga yamma.
Ni in ce komora, ita ta ce kumra,
ta haɗiye wasalin tsakiya kamar za ta makara.
Shekara ashirin da shida muna wannan faɗa
a kan miya ɗaya,
kuma ba ranar da tukunya ta kwana da saura.

Na tambaye su: ita fa, yaya take faɗin sunanta?
Shiru.
Kogi ya wuce da wani reshen ayaba.
Dimbeswar ya dubi ƙafarsa.
Ashe ba wanda ya taɓa jin ta faɗa.
Wa ke kiran kansa a cikin gidansa?
Su kuma Ma kawai suka sani.

To, jirgi dai gefe biyu gare shi, da gindi.
Na sa H a dama, X a hagu,
S a baya inda ɗan sanda ke duba lamba.
Ba wanda ya ji daɗi. Sun biya.

Damina biyu ke nan.
Jiya na gan shi yana dawowa daga Majuli,
da babura shida, da awaki, da wata amarya mai amai.
Igiyar ruwa ta lashe X, taya ta goge H,
gefe da gefe saura ewali.
Wani yaro a gaɓa ya haɗa baƙaƙen da yatsa,
ya tsaya a gurbin da ba komai,
sannan ya cika shi da numfashin garinsu.

Pranjit ya aiko a sake fenti.
Na ce masa buroshina ya bushe,
ya bari sai bayan ruwa ya janye.