Kwana Tara a Layin Apapa

Kwana tara ina kan layi, tirela ba ta gusa ba,
daga gadar Ijora nake hango ƙugiyoyin tashar jirgin ruwa,
gumi ya jiƙa kujera, sauron Ikko bai san baƙo ba.

Shekara ashirin da shida sitiyari na hannuna.
Na san ramukan Jebba kamar zanen tafina,
na san kukan giya in ta gaji, na san ƙaurin birki,
amma bara, a wannan ƙofar,
takarda ɗaya mai layi bakwai ta kai ni ƙasa.

Akawu mai farar riga ya miƙo ta taga,
ya ce, Baba Nomau, sa hannu nan.
Na zana sunana da ajami, har ina ƙawata shi.
Ashe na amsa cewa ruwa ya ci riɗi buhu arba'in,
ruwan da ko tamfol ɗina bai taɓa ba!
Albashin wata huɗu ya bi bakin biro.

Ranar na zauna gindin taya ina kallon duniya.
Ga Basine yana ciniki da Ba'indiye,
babu wanda uwarsa ta yi wa tawai da Turanci,
amma da shi suka yanke farashi, suka tafa.
Bayarabiya mai amala ta tsoma baki,
wani matuƙin jirgi ɗan Filifin ya ba ta amsa.
Na ce, af, ashe ba rigar Bature ba ce,
guga ce a bakin rijiya,
mai ƙishi ya ja, mai girman kai ya kwana da ƙishi.

Ilu yaron motata ya yi aji uku a sakandare.
Da rana ni ke koya masa ribas,
da dare shi ke malami, fitilar waya a baki,
yana rubutu da yatsa kan ƙurar ƙofar mota.
Harshena ya yi tauri kamar ganda,
kalma ɗaya sai na tauna ta sau goma,
ya yi dariya har ya riƙe ciki.
Na ce yi abinka, gemu ba ya hana ilimi.

Yau da hantsi wata takardar ta shigo ta taga.
Na hau ta a hankali, kamar lodi a hawan tudu,
layi na biyar na ga inda aka binne tarkon.
Na mayar masa, na ce a gyara, da harshen da ya rubuta.
Ya dube ni ta saman tabarau.
Ya gyara.

Hausa na nan inda take,
da ita nake kiran Ladiyo bayan isha'i,
da ita nake mafarki, da ita nake faɗa da makaniki.
Wannan kuwa safaya ce, ba a shiga doguwar hanya babu ita.

To, ga na gaba ya tayar da inji.
Ilu, zare weji, layi ya motsa.